Tarihin Maganin Kumburi: Daga Zaiba Zuwa Ƙwayar Fitsari a Ƙasar Adar

Daga duwatsun Keita zuwa kwarin Majiya na Buza, har fadamun albasa na Madawa, babu garin da ba a san kumburi ba. Ciwo ne da ba ya ɓuya. Takalmi ya ƙi shiga, zobe ya matse yatsa, fuska ta tashi suntum da safe, wani kuma cikinsa ne zai cika har ɗaura zariya ta gagare shi. Tun kaka da kakanni kowa da irin fassarar da yake yi masa. Wannan ya ce sanyi ne, wancan ya ce sammu ne, wani ya ce an taka abin da bai kamata ba. Boka ya ba da jiƙo, wanzami ya yi tsaga ko ya kafa ƙaho, ungozoma ta ce a ƙara wa ruwan wanka zafi.

A yau idan aka kai mai kumburi asibitin gunduma, sau da yawa abin da ake fara ba shi wata 'yar farar ƙwaya ce, ko allura, wadda jama'a ke kira maganin fitsari. A takardar likita ta Nijar Lasilix ake rubutawa, a ta Najeriya kuwa Lasix, duk abu ɗaya ne. Wannan ƙwaya ba ta fi shekara sittin da 'yan kai a duniya ba. An sha wuya kafin a same ta, kuma da ta iso ƙasar Hausa sai ta tarar da wasu irin kumburi da waɗanda suka haɗa ta ba su yi lissafi da su ba.

Yadda aka gane aikin ƙoda

Shekaru ɗari biyu da suka wuce, likitocin Turai ba su fi bokayenmu sanin kan kumburi ba. Cuta ɗaya suka ɗauke shi. Sai a 1827 wani likitan asibitin Guy's na Landan, Richard Bright, ya nuna cewa akwai masu kumburin da idan aka ɗora fitsarinsu a cokali bisa wuta sai ya yi gudaji fari, kuma idan sun rasu aka bincika sai a iske ƙodarsu ta lalace. Daga nan aka fara rarrabewa: akwai kumburin ƙoda, akwai na zuciya, akwai na hanta.

Sanin cikin ƙodar kansa ya zo ne a hankali. A 1842 William Bowman ya bayyana 'yan dunƙule-dunƙulen jijiyoyin da jini ke ratsawa, Carl Ludwig na Jamus kuma ya ce tace jini suke yi. A 1862 Jakob Henle ya gano wata doguwar lanƙwasa a bututun da ke bin bayan matatar, wadda har yau sunansa take ɗauke da shi. A 1924 Alfred Richards da Joseph Wearn a Amurka suka soka siririn gilashi a ƙodar kwaɗo, suka zuƙo ruwan da aka tace, suka tabbatar da maganar Ludwig.

Abin da aka gano shi ne, kowace ƙoda tana da 'yan matatai wajen miliyan ɗaya. A kwana guda, ƙodojin baligi suna tace ruwa kusan lita 180 daga cikin jini, amma fitsarin da ke fita bai wuce lita ɗaya da rabi ba. Aikin ya yi kama da na matar da ke tsintar wake: sai ta juye ƙwaryar duka a faifai, ta mai da waken cikin ƙwarya, ta bar tsakuwa da ƙaiƙayi ta zubar. Haka ƙoda ke fitar da kusan komai, sannan ta bi bututu tana mai da abin da jiki ke buƙata.

Babban abin da take mayarwa shi ne sodiyam, wato sinadarin da ke cikin gishiri da kanwa, ruwa kuwa duk inda gishiri ya nufa nan yake bi. A farkon bututu ake kwashe kusan kashi biyu cikin uku na gishirin. A lanƙwasar Henle a kwashe wajen kashi ɗaya cikin huɗu. Gaba kaɗan a kwashe kamar kashi 5 cikin 100, ɗan ragowar kuma a ƙarshen bututu, inda wani sinadarin jiki mai suna aldosteron ke ba da umarni. Idan zuciya ta yi rauni, jinin da ke isa ƙoda sai ya ragu. Ita kuwa sai ta ɗauka ƙarancin ruwa ake yi, ta riƙe gishiri, ruwa ya taru a ƙafa da ciki da huhu. Ke nan duk maganin da zai toshe ɗaya daga cikin ƙofofin da gishiri ke komawa jini, zai tilasta masa bin fitsari, ya ja ruwa su fita tare.

Zamanin zaiba

Kafin a san wannan duka, lalube ake yi. A 1785 William Withering na Birmingham ya wallafa bincikensa kan ganyen wani fure da mutanen karkarar Ingila ke jiƙa wa masu kumburi. Daga dangin wannan fure aka samo digoksin, wanda zuciya yake ƙarfafawa, sai fitsari ya biyo baya. Inda bai yi aiki ba sai a koma ga kasayau, ko a fitar da jini, ko a huda ciki a tsiyaye ruwan. A 1877 Reginald Southey ya fito da wasu 'yan bututun azurfa da ake sokawa a ƙafar mai kumburi, ruwa ya yi ta ɗiga cikin kwano dare da rana.

Maganin farko mai ƙarfi a kan ƙoda bisa katari aka same shi. A 1919, a wani asibitin Biyana ta ƙasar Ostiriya, an umarci wani ɗalibin likita mai suna Alfred Vogl ya riƙa yi wa wata yarinya mai tunjere allurar Novasurol, magani ne da aka haɗa da zaiba. Ma'aikatan jinya suna rubuta yawan fitsarin kowane majiyyaci, sai Vogl ya lura duk ranar da aka yi allurar fitsarin yarinyar yakan ninka. Da aka gwada a kan wani mai ciwon zuciya da ya kumbura, sai ya yi ta fitsari lita bayan lita har jikinsa ya saɓe. A 1924 aka fito da wani ɗan'uwansa mai ɗan sauƙin dafi, kuma sama da shekara talatin allurar zaiba ce madogarar likitoci. Amma zaiba guba ce. Tana ɓata ƙodar da take sa wa aiki, tana sa baki ya yi gyambo, wani lokaci ma majiyyaci ya faɗi nan take bayan allura.

Daga 1937 zuwa 1964

Hanyar tsira daga zaiba ta ɓullo ne ta inda ba a zata ba. A 1937 aka lura cewa maganin ƙwayoyin cuta na salfa, wanda ake yayi a lokacin, yana canja yanayin jini da fitsarin masu shan sa. A 1940 masana a Kambirij suka gano cewa wani sinadarin aiki na cikin jiki yake daƙilewa, wanda ƙoda ke dogara da shi a farkon bututu. A 1949 William Schwartz ya ba masu ciwon zuciya wannan magani a Boston, ya ga gishiri da ruwa na fita. Daga nan aka haɗa Diamox a farkon shekarun 1950. Bai yi ƙarfin da ake so ba, don abin da ya hana a kwashe a farkon bututu, gaba ake kwashe shi. Amma ya samu gurbi a wajen likitocin ido, inda har yau ake ba masu hawan ruwan ido.

Wasu masana huɗu na kamfanin Merck a Amurka, Karl Beyer da James Sprague da John Baer da Frederick Novello, suka ci gaba da jujjuya wannan sinadari har suka samo kulorotiyazid, wanda ya shiga kasuwa a 1958. Shi ne kakan dangin da ake kira tiyazid. A ƙofa ta uku, gaba da lanƙwasar Henle, yake aiki, ƙarfinsa matsakaici ne, haɗiya ake yi ba allura ba, kuma nan da nan aka ga yana sauke hawan jini. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Shekara 13 kafin nan, a 1945, shugaban Amurka Franklin Roosevelt ya rasu da fashewar jijiya a ƙwaƙwalwa, likitocinsa na kallon jininsa na hawa ba su da abin ba shi. A 1967 da 1970 binciken da Edward Freis ya jagoranta a asibitocin tsoffin sojojin Amurka ya tabbatar cewa sauke jini da magani yana rage shanyewar ɓarin jiki da gazawar zuciya.

Aldosteron kuwa a 1953 aka ware shi, kafin ƙarshen shekarun 1950 kamfanin Searle ya fito da Aldactone mai tare masa hanya. Bambancinsa da sauran shi ne ba ya zubar da fotasiyam, sinadarin da bugun zuciya ke dogara da shi. Sai kuma gagarabadau, furosemid, wato Lasilix ɗin nan, wanda kamfanin Hoechst na Jamus ya haɗa a 1959, ya shiga hannun likitoci wajen 1964. A lanƙwasar Henle yake tsayawa, inda ake kwashe gishiri mai yawa, shi ya sa babu mai ƙarfinsa a cikin na farko. Mutumin da ruwa ya cika wa huhu, yana zaune ya dafa gwiwa yana haki, ba ya iya kwanciya, idan aka sa masa allurar a jijiya cikin mintuna kaɗan zai nemi tasa, kafin awa ɗaya numfashi ya fara dawowa. Ƙwayar haɗiya kuwa takan fara cikin awa guda, ta yi kamar awa shida tana aiki.

A 1950, shekarar da mishan ɗin SIM ta buɗe asibitin Galmi a kan hanyar Ƙonni zuwa Madawa, babu ko ɗaya daga cikin ƙwayoyin nan a kasuwa. Ranar 3 ga Agustan 1960 da Nijar ta samu mulkin kai, tiyazid shekararsa biyu kacal. Ke nan asibitocin wannan yanki da magungunan nan kusan tare suka girma. A 1962 gwamnati ta kafa ONPPC don sayo magani da rarraba shi, a 1977 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara fitar da jerin magungunan da bai kamata a rasa a kowace ƙasa ba, jerin da furosemid da tiyazid da Aldactone ke cikinsa. Ƙananan gidajen likita da aka gina a ƙauyuka zamanin shugaba Tandja Mamadu su suka ƙara kusanto da su ga talaka.

Masu jego

Inda ƙasar Hausa ta shiga littattafan likitancin duniya a wannan fage, ta ƙofar ɗakin mai jego ta shiga. Tsakanin 1969 da 1972, a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, Neil Davidson da Eldryd Parry suka bi diddigin mata 224 da zuciyarsu ta gaza bayan haihuwa. Kusan dukansu Hausawa ne ko Fulani. Sukan zo da ƙafa a kumbure, da tari, da haki, makonni kaɗan bayan sun sauka. An ƙiyasta cewa a yankin, cikin haihuwa ɗari ana samun ɗaya, adadin da ya ninka na Turai nesa ba kusa ba.

Likitocin suka duba yadda ake jego. Safe da yamma a tafasa ruwa a babbar tukunya, mai jego ta tsoma ganyen tsamiya ko na darbejiya tana fyaɗawa a jiki. Ta fito ta kwanta a gadon ƙasa da aka hura wa wuta a ƙarƙashi. A dama mata kunun kanwa, a ce ta sha ta ƙara, don nono ya kawo kuma sanyi ya fita. Haka har arba'in, wasu ma su zarce. Kanwa kuwa cike take da sodiyam. Ga gishiri ya yi yawa a jiki, ga zafi ya buɗe jijiyoyin fata ya ƙara wa zuciya aiki, ga kuma ruwan da ciki ya tara bai gama fita ba. A 1979 wani binciken na Zariya da aka yi da na'urar hoton zuciya ya nuna cewa da yawa daga cikin matan nan zuciyarsu na matsawa da ƙarfinta, lodi ne ya yi mata yawa. Shi ya sa maganin fitsari da digoksin, tare da barin kanwa, suke tayar da mace cikin 'yan kwanaki.

Maganar ba ta tsaya nan ba. A Yamai, Arnaud Cénac da abokan aikinsa sun ga irin wannan ciwo da yawa a matan Nijar, kuma a 1992 suka wallafa cewa masu ciwon suna da ƙarancin sinadarin seleniyam a jini. A 2007 likitocin Sakkwato suka ba da adadin ɗaya cikin haihuwa 102. A Kano, Farfesa Kamilu Ƙaraye ya sake tarar da ƙarancin seleniyam, babban binciken da ya jagoranta a asibitocin Najeriya kuma ya nuna cewa wankan jego da kunun kanwa ba su ne ke raba masu ciwon da masu lafiya ba. Abin da ya fi fitowa fili shi ne talauci, da rashin karatu, da rama, da hawan jini lokacin ciki. Wannan ya gyara fahimta: rage kanwa yana da amfani ga wadda zuciyarta ta raunana, amma ɗora wa kaka da ungozoma laifin duka zalunci ne. Kuma maganin fitsari ruwa yake kwashewa. Idan naman zuciyar ne ya lalace, sai an haɗa da wasu magunguna, an daɗe ana sha, an kuma yi shawara da likita kafin wani cikin.

Mai ciki da ƙafarta ta kumbura kuwa, nata daban ne. Idan da ciwon kai da hawan jini, alamar jijjiga ce ke tafe, ruwan da ke cikin jijiyoyinta ma ya yi kaɗan. Ba ta ƙwayar fitsari zai iya rage jinin da ke isa ga jariri. Awon ciki da asibiti su ne nata.

Yaran 2005

Darasi na biyu yunwa ce ta koyar da shi. Adar ta ga farin 1973 da na 1984, shekarar da aka fara babban aikin farfaɗo da ƙasa na Keita da kuɗin Italiya. A 2004 fara da ƙarancin ruwa suka haɗu, 2005 ta zo da tsadar hatsi. A wannan shekara ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara sama da 60,000 masu tamowa mai tsanani a Nijar, daga 2006 kuma ta kafa aiki a Madawa da Buza. A 2006 ɗin ce kuma gwamnati ta ayyana jinya kyauta ga yara 'yan ƙasa da shekara biyar.

Galibin tamowar wannan yanki ta rama ce, amma akwai mai zuwa da kumburi, irin wadda Cicely Williams ta bayyana a ƙasar Gana a 1933, kuma ta fi saurin kisa. Gwajinta ba ya buƙatar na'ura. Ma'aikacin lafiya yakan riƙe ƙafafun yaron biyu, ya danna babban yatsa a bayan kowace ƙafa, ya ƙirga uku, ya ɗaga. Idan gurbin yatsa ya zauna a duka biyun, yaron na cikin haɗari, ko da kumatunsa sun cika har uwa na ganin ƙiba ce.

A nan hankali zai ce a ba shi abin da ya tayar da mai jego. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa cewa ta yi kada a kuskura. Jikin irin wannan yaro ya riga ya rasa fotasiyam da magniziyam, zuciyarsa ba ƙarfi, furosemid kuma ragowar fotasiyam ɗin zai zubar. Abin da ke sauke kumburin shi ne madarar F-75, wadda ake ba shi kaɗan-kaɗan dare da rana, mai ƙarancin gishiri da wadatar waɗannan sinadarai. Cikin kwanaki sai ƙafa ta saɓe, nauyi ya fara raguwa kafin ya hau, sannan a koma ga kullun gyaɗar nan na leda. Wurin da ake yarda a taɓa furosemid ga irin yaran nan ƙalilan ne, misali idan zazzaɓin cizon sauro ya shanye jini za a yi ƙari, sai a ba da ɗan kaɗan gwargwadon nauyin yaro don kada sabon jinin ya fi ƙarfin zuciya.

Hawan jini da halin da ake ciki

Yau mafi yawan masu shan maganin fitsari ba su da kumburi ko kaɗan. Masu hawan jini ne, ko tansiyo kamar yadda ake faɗi a nan. Jikin baƙar fata da yawa yana da saurin riƙe gishiri, don haka tiyazid ke yi musu aiki sosai. Babban binciken ALLHAT na Amurka ya nuna a 2002 cewa wannan tsohon magani mai araha bai gaza sababbi masu tsada ba. A 2019 Dike Ojji na Abuja ya jagoranci wani gwaji a ƙasashen Afirka shida, aka ga haɗin da ke da amlodifin a ciki, ko da tiyazid ko da wani maganin, ya fi wanda babu shi sauke jini. Aldactone ma ya dawo da daraja: a 1999 aka nuna yana rage mutuwar masu gazawar zuciya mai tsanani da kusan kashi 30 cikin 100, kuma shi ne na farko ga wanda ciwon hanta ya tara wa ruwa a ciki. Manitol kuwa, wanda ke jan ruwa ta hanyar kaurin kansa, shi ake ɗaura wa wanda ya faɗi a kabu-kabu ƙwaƙwalwa ta kumbura.

Sai dai ƙasar nan tana da nata sharuɗɗa. A watan Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40. Manomin albasa a kwarin Tarka da ya wuni yana ban-ruwa, ko dattijon da azumi ya riska cikin bazara, gumi ya riga ya kwashe masa ruwa. Idan ya ɗora furosemid a kai, sai jiri, da ɗaurewar tsoka, da faɗuwar jini. Idan gudawa ta same shi bai dakata da ƙwayar ba, ko ya haɗa ta da maganin ciwon jiki irin su diklofenak da ake saye a tire, ƙoda na iya tsayawa cak, wankin ƙoda kuwa sai manyan birane irin Yamai. Ga kasuwannin bakin iyaka, inda ƙwayar da aka rubuta wa wani take zama ta duk wanda ƙafarsa ta yi nauyi. Ga dunƙulen magi da gishiri da kanwa a tukunya ɗaya, alhali abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarta bai kai giram 5 na gishiri a yini ba. Mai shan maganin fitsari yana cin gishiri son ransa, aikin baban giwa yake yi.

Shekaru ɗari da suka wuce, matsalar ita ce babu maganin da ba guba ba. Yanzu akwai shi, kuma yana cikin mafi araha a kantin magani. Abin da ya rage wa Madawa da Buza da Keita shi ne kayan rarrabewa: na'urar awon jini mai aiki a kowane gidan likita, sikeli, tsinken gwajin fitsari, ɗakin gwajin da zai iya auna fotasiyam da ƙarfin ƙoda, da ma'aikacin da zai tsaya ya tambayi yaushe kumburin ya fara kafin ya miƙa ƙwaya. Mai jego da mai ciki da yaro mai tamowa da dattijo mai ciwon hanta duk da ƙafa a kumbure suke zuwa, amma abin da zai ceci ɗayansu shi ne zai iya kashe na kusa da shi.